Haramin Mastura

Juma'a, 9 ga Oktoba 1998, bayan an sauko daga masallaci

Ni ne Badaru Na'ibi, mutumin Azare. Na sauka tashar jirgin ruwa ta Jidda da riga biyu da takardar aji uku na sakandare. Ba uba, ba kawu, ba wanda ya zo tarya ta. Na wanke motoci a unguwar Karantina har fatar hannuna ta saɓule. Na kwana a kan rufin gidajen mutane. Larabci a rediyo na koye shi. Tuƙi kuwa ba wanda ya zaunar da ni, kallon ƙafar direbobi na yi ta yi har na iya, kuma zama ɗaya na ci jarrabawar ruhusa, wato lasisin tuƙi. Yau ina da bas uku da ke kai ma'aikata gidajen shaƙatawa na Abhur su dawo da su. Ɗaya ni nake ja da kaina, biyu na ba direbobi suna ci da iyalinsu. Ina zaune a hawa na sama a unguwar Ruwais. Na gina bene a Azare. Na aurar da 'ya'ya mata biyu ban roƙi kowa ko cokali ba. Sama da shekara ashirin ina riƙe da sitiyari, ban taɓa kankare fentin motar wani ba.

Na rubuta wannan ne don in an zo ana maganar jiya, a san wanda ake magana a kansa.

Jiya na kai matata Mastura Ɗa'if shan iska. Mun dawo lafiya. Burkin motata Kirsida ne ke son dubawa.

Asabar, 10 ga wata, da hantsi

Na kai motar warsha, wato gareji, wurin Abdulghani. Bahaushen Sudan ne, garinsu ɗaya da Mastura, shi ke duba mini motoci tun ina da bas ɗaya. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu.

"Wallahi ya Hajj, burkin nan ya fi ni lafiya."

"Canja shi."

"In canja me? Wata biyu da na sa shi!"

"Motarka ce ko tawa?"

Ya canja. Na ce wa Hussaini, babban direbana, ya haɗa da zagayena na safe kwana biyu, ina da uzuri.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Ranar da muka je Ɗa'if ta yi kyau. Wannan ma a sani.

Shekaru tana cewa in kai ta. Matan mutane nawa na kai Ɗa'if a aikin haya, tawa ba ta taɓa gani ba. Yanzu da zafi ya karye, rumman ya nuna, na ce ta shirya. Mun fita bayan asuba. Da muka fara hawan dutsen Hada ta riƙe kujera tana salati, can kuma ta saki tana leƙen rami kamar yarinya. Mun tsaya inda birai suke taruwa a bakin hanya. Wani ƙaton gwaggon biri ya hau kan bonet ya zauna yana kallona. Ta ce, "Alhaji, ga kafilinka ya zo karɓar rabonsa." Wato Balaraben da nake zaune a ƙasar nan ƙarƙashin sunansa. Ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariya na manta.

A Shafa sanyi ya kama ta, na ba ta kwat ɗina. Mun shimfiɗa darduma ƙarƙashin wata bishiya mai ƙanshin fensir. Mun ci gasasshiyar masara, mun sha shayin gawayi da na'ana'a. Gajimare yana wucewa ta ƙasanmu, ba ta samanmu ba. Ta ce, "Ashe a ƙasar nan akwai inda mutum zai ji sanyin Allah, ba na na'ura ba." Ta sayi rumman kwali guda, ta tsaya tana ciniki da Balaraben ƙauye kamar a kasuwar Bab Makka take, har ya ɗaga hannu ya ce halas, ki ɗauka.

Da za mu sauko, hanya ta bi da mu ta Wadi Muhrim, miƙatin da masu zuwa daga Ɗa'if ke ɗaukar harami. Ta ce tunda Allah Ya kawo ta nan, tana son ta rufe ranar da umra, Makka ai a gindin dutsen take. Na ce yalla. Ta shiga ta yi wanka, ta yi nafila, ta yi niyya. Ni ban ɗauka ba, direba nake ranar. Na ce mata da bakina, "Kafin isha kin gama, ni zan kai ki."

Sauran ba abin rubutawa ba ne.

Lahadi, 11 ga wata, da azahar

Ba mu shiga Makka ba ranar nan. Saboda haka har yanzu tana cikin harami.

Wanda ya yi niyyar umra ba ya fita sai ya yi ɗawafi, ya yi Safa da Marwa, ya rage gashi. Kafin nan ba turare, ba mai a ka, ba kwalli, ba yanke farce, mace ba ta rufe fuska, miji kuma ya yi nesa. Wannan kowa ya sani. Abin da ban yi tunani ba shi ne, Mastura sana'arta turare ce. Ita ke haɗa humra da turaren wuta wa rabin amaren Ruwais. Jiya ta sa 'yar maƙwabta ta kwashe kwalabe da tukwane duka ta zuba a sito, ta kulle. Ta ɗauki filonta ta koma ɗakin da yara suka bari.

Ba ta yi mini faɗa ba. Abinci yana zuwa kan lokaci. Sai dai bayan kowace salla ina jin ta ta bango: Labbaika, Labbaika.

Litinin, 12 ga wata, da safe

Na sa an canja gilashin gaba. Tsohon ya yi dishi-dishi.

Talata, 13 ga wata, bayan la'asar

Na same ta tana tsince shinkafa. Na ce, "Hajiya, ki shirya. Alhamis da sassafe in kai ki ki sauke wannan abu. Burki sabo, gilashi sabo."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa zai tuƙa?"

"Wa ya saba tuƙa ki?"

"Alhaji, ba gilashin mota ba ne."

To tunda haka ne bari in rubuta yadda aka yi, kada wata rana a ƙara masa gishiri.

Da muka bar miƙati rana ta faɗa bayan dutse, gajimare ya sauko ya zauna a kan hanya, yadda yakan yi a wannan lokaci na shekara. Hanyar Hada kwana ce bayan kwana, hannu ɗaya dutse, hannu ɗaya rami. Fitilar duk motar da ta hawo sai ta fashe a gilashina kamar an fasa ƙwai, ta bazu. Farin layin ya ɓace. Kowane direba zai iya haɗuwa da haka. Na ce mata, da wasa-wasa, ta faɗa mini abin da take gani ta wajenta. Sai ta bar Labbaika ta koma, "Dama. Dama kaɗan. Ga ƙarfe nan gefenka. Rage. Kwana na zuwa hagu. Rage, Alhaji, rage." Ban san tana da irin wannan murya ba, a kwance kamar mai karanta labarai.

Can wata motar kaya ta wuce mu, ta ɗauko kwalayen rumman, bayanta duk jajayen fitilu an yi mata ado kamar gidan biki. Na shiga bayanta na manne. Inda ta yi nan na yi. A gindin dutse hanya ta rabu, ɗaya ta shiga Makka, ɗaya ta kewaye gari ta nufi Jidda. Motar kayan ta bi ta kewayen. Mastura ta ce, "Alhaji, Makka can take." Na ji ta sarai. Ban saki jar fitilar nan ba sai kasuwar kayan gwari ta Jidda. Daga nan hannuna ya san gida.

Shi ke nan abin da ya faru. Na kawo ta lafiya ko ban kawo ta ba?

Yau ta ce, "Na zauna kusa da kai ina karanta maka hanya da kalmar shahada a bakina. Ba zan ƙara ba. Ko dai ka je likita ya duba ka, in ya ce ka tuƙa in shiga. Ko ka ba wani makulli ya kai mu."

Na ce, "Matar Badaru ba ta taɓa shiga motar wani ba, ba kuma za ta fara don gajimare ya sauka a kan dutse ba."

Ta ce, "To ina nan. Allah Ya san inda na tsaya."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Alhamis, 15 ga wata, da hantsi

Na wanke motar da kaina, na tayar da ita, na zauna ciki ina jira. Na danna ham. Ba ta sauko ba. Maƙwabcinmu ya leƙo ta taga ya koma.

Asabar, 17 ga wata, bayan magariba

Na je Karantina wurin Malam Usuman, limamin ƙaramin masallacinmu na da. A tasi na je, don motar tana hutawa. Tare muka yi kwanan kan rufi da shi, ya san ni tun ba ni da takalmi. Na ce masa wata mata ce ta yi niyyar umra aka samu matsala ba ta isa ba, na ji ana cewa wanda aka tsare yana iya yanka rago ya fita daga harami. Ni zan ba da ragon, ko biyu.

Ya ce, "Matar nan tana ina yanzu?"

"Nan Jidda."

"Makka ta tashi daga inda take ne?"

"Malam, ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma tambaya nake. Yaƙi ake a hanya? Ɗaure ta aka yi? Ba ta da takardar iƙama ne tana tsoron shinge?"

"Takardunta lafiya lau. Ni na yi mata su."

Ashe na faɗa. Ya ja casbinsa. Can ya ce, "Badaru, rago ba ya yin ɗawafi. Tafiyar awa guda ce. Wanda ya tsare Hajiya Mastura yana zaune a kan buzuna yana shan shayina."

Ya miƙo mini wani littafi wai in duba da kaina, ya nuna mini layin da yatsa. Bugun Masar ne, irin mai ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan tururuwa. Na ce na gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "A kife ka riƙe shi."

Tsufa ya sa shi surutu. Da ba haka yake ba.

Litinin, 19 ga wata, da yamma

Saudatu ta zo, babbar 'yata. A nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce, in ta yi fushi kuma duka take komawa.

"Abuya, lesh? Makka sa'a ɗaya bas! Ummi kanta ya bushe, tana tsoron ta sosa gashi ya faɗi. Ba ta fita, ba ta zuwa ko'ina don fuska a buɗe. Haram alek!"

Na ce ta yi mini magana da harshen ubanta.

"To Abdulwahid zai kai ta. Mijina ne, muharraminta ne, babu laifi."

"Na ce miki akwai laifi a shari'a? Ni na ɗauko ta daga miƙati. In surukina ya ƙarasa da ita, me za a ce ya sami Badaru?"

"Me ya same ka, Abuya?"

Ta tsaya can bakin ƙofa ta ɗaga hannu ta ce in faɗa mata yatsu nawa ta ɗaga. Ni, ubanta. Na ce ta fice mini daga gida. Ta tafi tana kuka. Uwar ta raka ta iya matakala ta dawo.

Hasken falon nan ba shi da kyau tun da can. Na sha gaya wa mai gidan.

Talata, 20 ga wata, da safe

An sa wa motar sababbin fitilu, masu ƙarfi. Abdulghani ya ce saura kujeru kawai ba mu canja ba.

Alhamis, 22 ga wata, bayan azahar

Mata uku sun zo karɓar humrar wata amarya da za a kai makon gobe. Ina ɗaki ina jin su. Mastura ta ba su haƙuri, ta ce ba za ta iya taɓa turare ba yanzu, su je wurin Jamilatu ta bayan masallaci. Jamilatun da ita ta koya wa aikin, wadda take cewa humrarta warin man gyaɗa take yi.

Ɗaya ta ce, "Harami, Hajiya? Tun yaushe? Ke da mijinki ke da motoci har huɗu?"

Ta ce, "Alhaji yana gyaran mota."

Suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta rufa mini asiri, na sani. Amma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu magana ta fita. Kafin Juma'a ta isa Karantina. Daga Karantina zuwa kunnen kafili ba nisa. A iƙamata, takardar zamana, an rubuta sana'a: direba. Ba a rubuta mai bas uku ba, ba a rubuta mai bene a Azare ba. Direba. In aka ce direba ba ya iya, me ya rage masa a ƙasar mutane?

Ba a ce ba ya iya ba. Misali nake.

Juma'a, 23 ga wata

Labbaika, Labbaika. Ko bango ya haddace.

Asabar, 24 ga wata, bayan la'asar

Gidan nan ba ya ƙanshi. Ban taɓa lura yana yi ba sai da ya daina. Tun daga ƙasan matakala ake sanin an iso gidan Mastura. Rigunana ma in na shiga bas ma'aikata sukan ce, Ammu Badaru, yau ma biki? Yanzu sai warin albasa da omo.

Na tarar da ragowar turaren wuta a aljihun wata tsohuwar jallabiya. Na hura gawayi a kasko na zuba, na ajiye a falo. Gidana ne. Ni ba na cikin harami.

Ta fito daga kicin ta tsaya. Ta ɗauki dardumarta ta hau rufi, ta zauna cikin rana har hayaƙin ya mutu. Mace mai hawan jini.

Na zuba wa kaskon ruwa. Na ƙona yatsa biyu wajen ɗauka, na zaci gawayin ya mutu.

Litinin, 26 ga wata, da yamma

Zan rubuta wannan a gajarce.

Na ce bari in nuna wa kowa. Rana tsaka, ba gajimare, ba fitilar kowa. Na ɗauki motar ni kaɗai, Ruwais zuwa Karantina, hanyar da na bi sau dubbai. Na isa lafiya. Na shiga layin masallacin Malam Usuman don ya gan ni a kan sitiyari. A gefen dama akwai wani baƙin abu, na ɗauka jakar shara ce aka yar. Na matsa in faka.

Ba jakar shara ba ce. Tsohuwa ce cikin baƙar abaya, tana zaune da tiren gyaɗa da goro a kan kwali. Kwalin na buge. Tayar ta tsaya a kan gefen zaninta.

Ta yi ihu da Hausa. Ta kira ni da wani suna. Ba zan rubuta shi ba.

Mutane suka taru, duk 'yan ƙasarmu, duk sun san ni. Ina jin wani yana cewa, "Alhaji Badaru ne fa." Wani ya ce, "Ashe gaskiya ne." Wani ya ce a kira 'yan murur, 'yan sandan hanya. Nan tsohuwar ta daina zagi ta koma roƙo: "Don Allah kada ku kira su, ba ni da takarda, jikokina uku a ɗaki." Ni na buge ta, ita ke roƙo.

Na durƙusa ina tsince mata gyaɗar ina zubawa a tire. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, a hankali yadda ba wanda zai ji, "Bari, Alhaji. Tsakuwa kake zuba mini."

Na bar motar a nan. Abdulghani ya kawo ta gida da yamma, ya miƙo makulli bai yi wasa ko ɗaya ba. Da ma ya yi.

Talata, 27 ga wata

Ban fita ba.

Laraba, 28 ga wata, da hantsi

Ta ji labari, ba daga bakina ba. Ta kawo mini shayi da kanta, yau ba ta ajiye a kan tebur ba, ta sa mini a hannu. Farcenta ya taɓa ni. Ya yi tsawo. Mastura da ke yanke farce duk Juma'a, ta sa lalle.

Ta zauna can nesa, kan kujerar ƙofa.

Na ce, "Ba ki gaji ba?"

Ta ce, "Na gaji mana. Kaina ƙaiƙayi yake kamar in cire shi in ajiye. Amarya ta tafi wurin Jamilatu. Amma ni ko yau na mutu, da Labbaika zan tashi. Kai fa, da tsohuwar nan ta matso da ƙafarta?"

Na kurɓi shayin.

Ta ce, "Tun bara na sani. Tun kana sa ni in duba maka lambar waya wai hannunka da maiƙo. Na yi shiru ina jin kunyarka, ka ci gaba da ɗibar bayin Allah a bas kowace safiya. Da na yi niyya a miƙatin nan ban san haka za ta faru ba. Amma tunda ta faru, ba zan kwance ta a ɓoye in bar ka da sitiyari ba."

Na ce, "In na ajiye shi, wane ne ni a garin nan?"

Ta ce, "Mutumin da ke ihu a kan direbobi, kamar kullum. Wannan ai ba ya son ido."

Ta faɗi kalmar. Rufin bai faɗo ba.

Ta ce wata 'yar uwarta a Madina an yi mata aiki, yanar ido ce kawai aka cire, yanzu zare take sawa a allura. Ta ce mai yiwuwa nawa haka ne, mai yiwuwa kuma ciwon sukarina ne ya taɓa, wannan sai likita. Na ce likitocin nan yara ne. Ta ce, "To a samo maka tsoho."

Na tambaye ta ko rumman ɗin nan na Shafa ya saura. Ta ce ya saura biyu, sun fara yanƙwanewa. Ta fasa ɗaya ta ɓare mini a faranti. Yana da zaƙi har yanzu.

Juma'a, 30 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Jiya da asuba na aika aka kira Hussaini. Ya hawo yana zaton faɗa zan yi a kan man bas. Ni na ɗauko shi yana dako a tashar ruwa, ni na koya masa giya. Na zaro makullin Kirsida na miƙa masa. Ya mai da hannuwansa baya.

"Maigida, in wanke ta ne?"

"Ka tuƙa ta. Makka za mu."

"Ni? A kujerarka?"

"Za ka karɓa ko sai hannuna ya gaji?"

Ya karɓa da hannu biyu.

Mastura ta sauko fuska a buɗe, ta shiga baya. Na zauna gaba, hannun dama. Ban taɓa zama nan ba tun da na sayi motar. Kujerar ma tauri gare ta. Maƙwabcin nan ya leƙo ta taga, wannan karon bai koma ba. Na ɗaga masa hannu don ya gani da kyau.

Hussaini yana jan mota kamar ya ɗauko ƙwai. Na ce masa in haka za mu tafi sai mu tarar an fara aikin Hajji. Yana saurin sakin kulochi, na gaya masa. A baya kuwa Labbaika ake da ƙarfi tun daga gadar fita gari, har Hussaini ya kama, har ni ma na ji bakina yana motsi.

A Harami akwai cunkoso. Ta ce in riƙe gefen mayafinta kada ta ɓace mini. Ita ta faɗa haka, kada ta ɓace. Na riƙe. Mun yi ɗawafin tare, mun yi Safa da Marwa tare, ko da yake ni rakiya na yi. Da muka kai ƙarshe a Marwa ta ja ni gefe bayan wani ginshiƙi, ta ciro ɗan almakashi daga jaka.

"Kai ka ɗauko ni daga miƙati, kai za ka fitar da ni."

Ta zaro bakin kitsonta ta ƙarƙashin mayafi. Na sa almakashi na kasa samun inda yake, baƙi a kan baƙi. Ta kamo yatsuna ta ɗora su a kan gashin, ta matse.

"Nan. Kan yatsa ɗaya kawai, Alhaji. Gashi aka ce, ba kunne ba."

Na yanke. Ya bushe ƙamas kamar ciyawar rani. Ta ce alhamdu lillahi, ta sa farce goma a ka tana susa a gaban jama'a, ba ko kunya.

Da muka dawo ta buɗe sito tun ba ta cire takalmi ba. Yanzu haka da nake rubutu hayaƙi ya cika falo har yana sa ni tari. Gobe Asabar za mu asibitin ido. Ni na yanke shawarar. Hussaini zai kai mu. Abin da likita zai ce ban sani ba, abin da kafili zai ce ban sani ba. Bas ɗina na uku sai an nemo direba.

A masallaci yau na ji an riga an fara. Wani wai 'yan murur ne suka ƙwace mini ruhusa. Wani wai Hajiya ce ta ɓoye makulli a tukunyar humra. Wani wai surukina ne ya zo da mutane.

Ƙarya ce. Ba ɗan murur, ba likita, ba suruki, ba mace. Ba wanda ya karɓe makullin nan daga hannuna. Ni na zaro shi daga aljihuna, a gidana, da safe, na miƙa. Direbobi nawa na sani da suka ƙi yin haka sai da aka ɗauko gawa daga ƙarƙashin taya?

Duk wanda zai ba da labarin nan, ya ba da shi haka, kuma ya sa sunana cikakke: Alhaji Badaru Na'ibi, direba. A rubuta da manyan baƙaƙe, yadda ni ma zan iya karantawa.